Tiyatar rage ƙiba: Shirin da ke gaban majiyyaci kafin ranar fiɗa da bayanta

A garin Morai da sauran garuruwan Talata Mafara, Bakura da Maradun a Jihar Zamfara, matsalar abinci da aka fi sani ita ce ta rashi. Tamowa ce ke kai yara Babban Asibitin Talata Mafara, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke tallafa wa jinyarsu.

Sai dai a waɗannan garuruwa akwai ɗan kasuwar da ke wuni zaune a rumfa, da ma'aikacin da ba ya taka ƙasa sai daga mota zuwa ofis, da uwargidan da jiki ya yi wa nauyi bayan haihuwa ta biyar ko ta shida. Wasu daga cikinsu ƙiba ta riga ta jawo musu ciwon suga, hawan jini da ciwon gwiwa, ko da yake jama'a na ci gaba da kallon teɓa a matsayin alamar hutu da wadata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na ɗauke da ƙibar da ta wuce kima, kuma manya kusan miliyan 890 ne abin ya shafa. A Najeriya, binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya haura yadda ya kamata.

Ga waɗanda ƙibarsu ta yi tsanani, kuma rage abinci da motsa jiki da magani suka gaza, likitoci kan kawo batun tiyata. Aikin kansa ba ya wuce awa ɗaya zuwa uku, amma shirinsa na watanni ne, kulawar bayansa kuma ta tsawon rai ce. Ga mazaunin yankin da ke nesa da likitan da zai yi aikin, nasara ta fi rataya a kan wannan shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mece ce tiyatar rage ƙiba?

Aiki ne da ake yi a kan tumbi, wani lokaci har da hanji, domin rage yawan abincin da mutum zai iya ci da kuma sauya sinadaran jiki masu sarrafa yunwa, ƙoshi da sukarin jini. Ta sha bamban da zuƙe kitse daga ƙarƙashin fata ko ƙara girman wani sashe na jiki, waɗanda ayyukan kwalliya ne da ba sa magance ciwon suga ko hawan jini.

Iri biyu ne suka fi yawa a yau.

Na farko shi ne wanda ake wa laƙabi da tiyatar hannun riga. Likita kan yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi ya fitar da shi, ya bar siririn sashe mai siffar ayaba. Ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin girelin mai tayar da yunwa, shi ya sa sha'awar abinci ke raguwa. Abin da aka cire ba ya dawowa. Wannan ita ce tiyatar ƙiba da aka fi yi a duniya yanzu.

Na biyu shi ne tiyatar ratse. A nan akan ware ɗan ƙaramin aljihu a saman tumbi, wanda bai wuce girman ƙwan kaza ba, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Abinci sai ya ratse sauran tumbin da farkon hanjin. Ta fi tasiri a kan ciwon suga da ƙwannafi, amma ta fi jawo ƙarancin sinadarai a jiki.

Duka biyun akan yi su ne ta ƙananan huda huɗu zuwa shida a ciki, inda ake zura kyamara da siraran kayan aiki, ba tare da an tsaga cikin gaba ɗaya ba.

Aikin ba sabo ba ne. Tun a shekarun 1950 likitoci a Jihar Minesota ta Amurka suka fara gwada ratse hanji. A tsakiyar shekarun 1960 Dokta Edward Mason na Jami'ar Iowa ya ɓullo da tiyatar ratse tumbi, sannan a 1994 likitoci Alan Wittgrove da Wesley Clark suka wallafa sakamakon yin ta da kyamara, abin da ya rage zafin jinya da kwanakin asibiti ƙwarai.

Wane ne ya cancanta?

Likitoci kan fara da ma'aunin BMI, wanda ke auna nauyi da tsawo. Akan raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Namiji mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 110, ma'auninsa ya kai 38. Mace mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 90, nata ya ɗan haura 35. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin cuta.

A 1991 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka kafa sharaɗin cewa tiyata ta dace da mai ma'aunin 40 zuwa sama, ko mai 35 da ke da wata cuta mai alaƙa da ƙiba. A 2022 ƙungiyar likitocin tiyatar ƙiba ta Amurka, ASMBS, da takwararta ta duniya, IFSO, suka sassauta sharaɗin. Yanzu suna ba da shawarar tiyata ga mai ma'aunin 35 ko da ba shi da wata cuta, sannan a duba yiwuwarta ga mai 30 zuwa 34.9 da ke fama da cuta irin ciwon suga nau'i na biyu.

Lamba kaɗai ba ta wadatar ba. Akan dakatar da mai juna biyu, da wanda ke cikin shaye-shaye, da mai taɓin ƙwaƙwalwar da ba a shawo kansa ba, da wanda zuciyarsa ko huhunsa ba za su jure maganin sa barci ba. Haka kuma wanda ba zai iya riƙe shan bitamin da zuwa gwajin jini tsawon rayuwarsa ba, tiyatar za ta iya zame masa cuta.

Akwai kuma allurai irin su Wegovy, wadda Amurka ta amince da ita a 2021 domin rage ƙiba. Suna aiki, amma suna da tsada, kuma nauyin kan dawo idan aka daina. Likita ne zai auna wadda ta fi dacewa da majiyyaci.

Abin da za a sa rai da shi

A matsakaici, majiyyaci kan rasa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Mai kilo 120 zai iya tsayawa a wajen kilo 85 zuwa 90. Wannan ba ya nufin zai zama siriri, kuma wasu kan sake ƙara wani abu bayan 'yan shekaru.

Babbar ribar a lafiya take. Wani bincike da aka fara a Suwidin a 1987, wanda ya bibiyi mutane fiye da 4,000, ya nuna a rahotonsa na 2007 cewa mace-mace sun ragu da kimanin kashi 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka yi wa tiyata idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa ba. Masu ciwon suga da dama kan rage magani ko su daina shi na tsawon shekaru, ko da yake ciwon kan dawo wa wasu.

Haɗari ma na nan. A cibiyoyin da suka ƙware, akan rasa kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin 1,000, kwatankwacin haɗarin tiyatar cire matsarmama. Matsalolin farko sun haɗa da yoyon wurin ɗinki, zubar jini da daskarewar jini a ƙafa ko huhu. Na baya kuwa akwai ƙwannafi, gyambon ciki, tsakuwar matsarmama, ƙarancin jini, zubewar gashi na ɗan lokaci da sakin fata. Waɗannan alƙaluma na ƙwararrun cibiyoyi ne, ba su shafi duk ɗakin da aka rataya wa allon asibiti ba.

Daga Morai zuwa gadon tiyata

Tafiyar tana farawa ne daga kusa. A babban asibitin ƙaramar hukuma za a iya auna nauyi da tsawo, hawan jini da sukari, a kuma fara magani. Daga nan akan tura majiyyaci zuwa Gusau, inda Asibitin Tarayya na FMC da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura suke, ko Sakkwato, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Talata Mafara na kan hanyar da ta haɗa biranen biyu. Wasu kan zarce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. A irin waɗannan asibitoci ake samun likitocin suga, zuciya da tiyata da za su tantance majiyyaci.

Ita tiyatar kanta, asibitoci ƙalilan ne ke yin ta a kai a kai a Najeriya, galibinsu masu zaman kansu a Legas da Abuja. Masu hali kan tafi Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai.

Ko ina aka nufa, akwai tambayoyin da majiyyaci ke da haƙƙin samun amsarsu kafin ya biya kuɗi:

Shin likitan na da rajista da lasisin da ke aiki? A Najeriya hukumar MDCN ce ke riƙe da rajistar likitoci.

Tiyata irin wannan nawa yake yi a shekara, kuma mutum nawa suka samu matsala a hannunsa?

Shin asibitin na da sashen kulawa ta musamman, ma'ajiyar jini, na'urar hoton ciki da wutar da ba ta yankewa?

Akwai masanin abinci da zai bibiyi majiyyaci bayan sallama?

Idan matsala ta taso bayan an koma gida, wa za a kira, kuma wa zai biya?

Dillalin da ke tallar tiyata a Facebook ko TikTok da farashi mai rahusa, yana alƙawarin a yi aiki washegarin sauka daga jirgi, ya tsallake duk matakan da ke kare rai.

Gwaje-gwajen da ke gaba

Akan duba yawan jini, aikin hanta da ƙoda, sukarin watanni uku da ake kira HbA1c, aikin maƙoƙo, da matakin sinadarin ƙarfe, folik asid, bitamin B12 da bitamin D. Mai ƙiba na iya kasancewa cikin ƙarancin waɗannan sinadarai bai sani ba. Binciken 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa na da ƙarancin jini, kuma tiyatar na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe. Saboda haka akan cike giɓin tun kafin aiki.

A wannan yanki ana kuma duba rukunin jini da sikila, ciwon hanta nau'in B da C, cutar HIV da zazzaɓin cizon sauro. Akan ɗauki awon bugun zuciya. Likitoci da yawa kan zura kyamara ta baki su leƙa tumbi, su nemi gyambo da ƙwayar cutar H. pylori, wadda ta yawaita a Najeriya. Idan an same ta, akan kashe ta da magani na kimanin mako biyu.

Minshari mai ƙarfi tare da ɗaukewar numfashi a cikin barci da gyangyaɗin rana alama ce da likitan sa barci ke buƙatar sani. Sau da yawa mata ko miji ne ke lura da ita. Wanda aka tabbatar yana da matsalar akan ɗora shi a kan na'urar da ke hura masa iska da dare, abin da ke buƙatar tanadin wuta ko batiri.

Magunguna da abin da ake ɓoyewa

Dole majiyyaci ya gabatar wa likita duk abin da yake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Abubuwa huɗu sun fi buƙatar kulawa.

Na farko, ƙwayoyin sa ƙiba da aka sani da sha-ka-fashe. Da yawansu na ɗauke da dexamethasone ko danginsa. Wanda ya daɗe yana shan su, jikinsa kan rage samar da nasa sinadarin da ke riƙe hawan jini a lokacin wahala. Idan ya ɓoye, jininsa na iya faɗuwa a kan gadon tiyata. Idan ya daina farat ɗaya ma akwai haɗari, sai dai likita ya janye su sannu a hankali. Wani lokaci ma ƙwayoyin ne musabbabin ƙibar, kuma janye su ne magani.

Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da piroxicam, waɗanda kan shiga haɗin gajiya da ake saye a kemis. Suna ƙara zubar jini, kuma bayan tiyatar ratse suna iya huda sabon ɗinki. Galibi akan hana su har abada.

Na uku, taba ta kowace siga: sigari, shisha ko taba gari. Tana hana rauni warkewa, tana kuma jawo gyambo. Akan nemi a daina ta aƙalla mako shida kafin aiki.

Na huɗu, shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba, waɗanda kan taɓa hanta da ƙoda. Magungunan tsinka jini da na suga kuwa likita ne zai tsara lokacin rage su ko dakatar da su.

Abincin makonnin ƙarshe

Mako biyu zuwa huɗu kafin tiyata akan ɗora majiyyaci a kan abinci mai ƙarancin ƙarfi, wajen kalori 800 zuwa 1,000 a rana. Dalilin shi ne hanta tana kwance a kan tumbi, kuma hantar mai ƙiba kan kumbura da kitse. Sai likita ya ɗaga ta kafin ya isa wurin aiki. Idan ta yi girma, aikin kan yi wuya, har akan fasa shi bayan an riga an sa majiyyaci barci.

A yankin da noman rani na madatsar ruwan Bakolori ya wadata da shinkafa, wannan mataki ba ƙaramin jarrabawa ba ne. Akan rage tuwon shinkafa, na dawa da na masara ƙwarai, a ajiye fura mai sukari, kunun zaƙi, lemon kwalba, rake, burodi, ƙosai da duk abin da aka soya. Abin da ke maye gurbinsu shi ne kifi, kaza marar fata, ƙwai, awarar da ba a soya ba, nonon da aka cire wa mai, da ganye irin su zogale, rama, alayyafo da kabeji. Masanin abinci ne zai ƙayyade adadi.

Mai shan maganin suga ko allurar insulin kada ya fara wannan tsari da kansa, domin sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa ya suma. Sai an rage masa magani tukuna.

A wannan lokaci ne kuma ake koyon sababbin ɗabi'u: ƙaramar loma, tauna sosai, raba abinci da ruwa, da tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 kullum da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Shirin zuciya da na iyali

Tiyata na rage tumbi, ba ta cire dalilin da ke sa mutum cin abinci idan ransa ya ɓaci. Shi ya sa cibiyoyin kirki ke haɗa majiyyaci da masanin halayyar ɗan Adam, domin gano baƙin ciki mai tsanani, cin abinci ba ƙaƙƙautawa ko dogaro da ƙwaya.

A gidan Bahaushe abinci ba na mutum ɗaya ba ne. Ana ci a kwano guda, kuma mayar da ƙwaryar furar da surukuwa ta aiko na iya zama abin magana. Wanda aka yi wa tiyata zai ƙoshi da cokali kaɗan, saboda haka mai girki da manyan gida na buƙatar sanin dalili tun da wuri. Ramar gaggawa kuma kan jawo tsegumi, wasu su ce muguwar cuta ce, wasu su ce sammu. Majiyyaci ne zai zaɓi waɗanda zai sanar, amma aƙalla mutum ɗaya na kusa ya kamata ya san komai, ya raka shi ganin likita, ya kuma haddace alamomin haɗari.

Shawara da miji ko mata da iyaye abu ne mai kyau, sai dai amincewar ƙarshe ta mai jikin ce. Tiyatar da aka yi domin gorin kishiya ko matsin wani ba ta cika ɗorewa ba.

Mata da batun haihuwa

Ƙiba na hana wasu mata ɗaukar ciki, kuma da zarar nauyi ya fara sauka haihuwa kan buɗe ba zato. Likitoci na ba da shawarar a jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18 bayan tiyata, domin a lokacin jiki na zubar da nauyi kuma abincin da ke shiga bai isa uwa da ɗan tayi ba.

Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin na ƙara haɗarin daskarewar jini, don haka akan dakatar da su kimanin mako huɗu kafin aiki. Bayan tiyatar ratse kuma hanji ba ya tsotsar ƙwayar yadda ya kamata. An fi son na dasawa a dantse ko robar mahaifa. Wannan magana ce da ya dace ma'aurata su gama da ita kafin a sa rana.

Zaɓen lokaci

A watannin farko majiyyaci ba ya iya kwankwaɗar ruwa, sai kurɓa kaɗan-kaɗan wuni guda har ya cika lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Ƙarancin ruwa a jiki na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti. A Zamfara, inda zafin bazara kan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, sanyin hunturu ya fi sauƙin jinya.

Haka batun azumi yake. Likitoci da dama na shawartar majiyyaci kada ya yi azumi a watannin farko, wasu har shekara guda, domin ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar abinci da ruwan wuni tsakanin buɗa baki da sahur. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kuma malami zai fayyace hukuncin ramuwa. Mai niyyar Hajji ko Umara, da manomin da damina ke jiransa, su ma su lissafa, domin akan hana ɗaukar kaya mai nauyi na mako huɗu zuwa shida.

Ranar tiyata

Akan daina cin abinci aƙalla awa shida kafin aiki, ruwa zalla kuma awa biyu, sai dai idan asibiti ya ba da wani umarni. Akan yi wa majiyyaci allurar hana daskarewar jini, a sa masa safa mai matse ƙafa. Bayan ya farfaɗo, ma'aikatan jinya kan tashe shi ya taka a ranar, domin kwanciya ce ke haifar da gudan jini. Idan komai ya tafi daidai, akan sallame shi cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Nisa, babban abin lissafi

Sallama ba ta nufin haɗari ya wuce. Yoyon ɗinki, wanda ke samun kimanin mutum ɗaya cikin 100, kan bayyana ne a kwanakin farko zuwa makonni biyu ko fiye. Alamominsa su ne bugun zuciya da ya haura 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwon kafaɗar hagu da sarƙewar numfashi. Kumburin ƙafa ɗaya ko ciwon ƙirji na nuna gudan jini. Baƙin bayan gida ko aman jini na nuna zubar jini a ciki.

A nan ne mazaunin Morai, Bakura ko Maradun ya bambanta da mazaunin Abuja. Zazzaɓi bayan tiyata abu ne mai sauƙi a ɗauke shi a matsayin na cizon sauro, a sayi magani a kemis, a ɓata kwana biyun da suka raba rai da mutuwa. Matsalar tsaro kuma ta sa tafiyar dare a hanyoyin yankin ta zama kasada. Saboda haka ya kamata majiyyaci ya zauna a garin da aka yi masa aiki na mako biyu zuwa uku, ko yadda likitansa ya tsara, kafin ya kama hanyar gida ko ya hau jirgi.

Kafin ya taso, ya karɓi cikakken rahoton tiyata a rubuce, da jerin magunguna da lambar da za a samu likitan. Ya kuma riga ya daidaita da wani likita a Gusau ko Sakkwato da zai riƙa duba shi. Amai da ya ɗauki kwanaki bai tsaya ba shi ma na gaggawa ne, domin yana ƙarar da bitamin B1, abin da kan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Abinci da magani bayan tiyata

Tsarin da aka fi bi shi ne mako biyu na abin sha kawai, kamar romon kaza ko kifi da aka tace, madara da tsinkakken nono marar sukari. Sai mako biyu na abinci niƙaƙƙe, sai wasu biyun na mai laushi irin alala, dafaffen ƙwai da kifi. Daga nan a koma abinci na yau da kullum a ƙaramin faranti.

Furotin ke gaba, giram 60 zuwa 80 a rana. Nama ko wake ake fara ci, sai ganye, tuwo ya zo ƙarshe idan wuri ya rage. Ba a shan ruwa tare da abinci, sai bayan minti 30. Lemo mai gas ba shi da wuri. Kayan zaƙi, musamman bayan tiyatar ratse, kan jawo jiri, gumi, bugun zuciya da gudawa. Koko, kunu da fura mai sukari kuwa suna wucewa ta ƙaramin tumbi ba tare da sun ƙosar ba, kuma ta nan ƙiba ke lallaɓowa ta dawo.

Bitamin, sinadarin ƙarfe, kalsiyam da bitamin D na kullum ne har ƙarshen rayuwa. Da yawa kan buƙaci allurar B12 duk wata uku. Gwajin jini akan yi shi sau da dama a shekarar farko, sannan aƙalla sau ɗaya kowace shekara.

Lissafin kuɗi

Galibi majiyyaci ne ke biya daga aljihunsa. Mai inshorar lafiya ta hukumar NHIA ko ta jiha ya nemi bayani a rubuce kan abin da za ta ɗauka. Kasafin ya ƙunshi gwaje-gwaje, sufuri, masaukin majiyyaci da mai jinya, bitamin na shekaru da kuma ajiyar ko-ta-kwana idan aka koma ɗakin tiyata. Wanda ya sayar da gona ko shanu ya biya kuɗin aiki kaɗai, ba tare da ya bar na bibiya ba, ya yi rabin shiri ne.

Ga mafi yawan masu ƙiba a yankin, matakin farko bai kai ga tiyata ba. Awon nauyi, hawan jini da sukari a asibiti mafi kusa shi ne zai nuna inda mutum ya tsaya. Wanda kuma likitoci suka tabbatar tiyata ce mafita gare shi, ya dace ya ba kansa wata uku zuwa shida na shiri, ya kuma tabbatar da wanda zai duba shi bayan ya dawo gida kafin ya amince a sa masa rana.